Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyayenmu mata na Zazzau: yaran nan masu son koyon kiɗa suna neman uwar ɗaki

Assalamu alaikum iyayena da yayyena, malamanmu mata na Samaru da Kongo, likitocinmu na Shika, shugabannin makarantun 'yan mata, hajiyoyinmu 'yan kasuwa na Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni, da iyayenmu na zumuntar mata a Wusasa. Ina gaisuwa da girmamawa, ya gida ya yara ya ɗalibai, Allah ya ƙara girma.

Ni 'yarku ce, malamar firamare ce ni, a Tudun Jukun aka haife ni kuma a nan nake aure. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, nakan fara rubutawa a waya sai in goge, dan na san abun da wasu za su ce da zarar sun ga kalmar kiɗa a kusa da kalmar 'ya mace. Toh amma abun da ya faru ranar Asabar ɗin da ta wuce ne yasa nace bari dai in rubuta, dan Allah ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Ina da bayolin guda ɗaya, gogen Turawa kenan mai tsirkiya huɗu, na siyo shi na hannu a Legas lokacin da nake bautar ƙasa. Duk Asabar da hantsi yara mata huɗu suna zuwa gidana, mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida su riƙa karɓa-karɓa, wannan ta riƙe minti goma ta miƙa ma wannan. Ƙaramar cikinsu shekararta 11, awara take siyarwa a bakin makarantarmu bayan an tashi, kuma wallahi tunda nake ban taɓa ganin kunne irin na yarinyar nan ba. In hunturu ya shigo itacen bayolin yakan bushe, 'yan turakun da ake ɗaure tsirkiya su saki, amo ya sauka, ni sai na ɗauko waya na gwada kafin in tabbatar, ita kuwa tana daga bakin rijiya za ta ce Anti ta biyun nan ta sauka. In na duba haka ne. Ranar farko da ta ga ina goga ƙaro a jikin izgar sai tace ai haka kakanta ke yi ma gogensa a ƙauye, kuma gaskiyarta, izgar doki ce dai da ƙaro, abun da mai goge na Bomo ko Hunkuyi yake yi shi mai bayolin na Jamus yake yi.

Asabar ɗin nan ba ta zo ba. Da la'asar sai ga babarta da mayafi a ka, ta zauna ta gaishe ni sosai, sannan tace Malama ki yafe mana, kawunta yace kar ta sake zuwa, wai so ake a maida ta zabiya. Tace ni dai na san ba abun banza kike koya musu ba, amma ni kaɗai ce, ba wanda zai tsaya min. Wannan kalma ta ba wanda zai tsaya min ita ce ta hana ni barci, dan shekara ashirin da suka wuce haka tawa uwar ta faɗa.

Ni a wajen wata tsohuwa na fara, 'yar kudu ce, nas ce da ta yi ritaya tana zaune a Sabon Gari, babana yana aikin reluwe da mijinta. Tana da wani ɗan fiyano mai batir, ita ta fara zana min layuka biyar ɗin nan a bayan kalanda, ta nuna min cewa kowane ɗigo da ke kan layi ko tsakanin layi amo ne, kuma haruffa bakwai ne kacal daga A zuwa G ake ta maimaitawa, ta koya min do re mi da tafin ƙirga lokaci. Shekara uku ina zuwa. Ina shiga 14 maganar unguwa ta yi yawa aka ce in bari, na bari. A sakandaren da na yi akwai fiyano guda biyu da wata ƙungiya ta kawo kyauta, suna cikin sito a kulle da ledarsu har muka gama, ba wanda ya iya, sai dai a zana mana hotonsa a allo mu kwafa mu ci jarabawa. Har yau kuma haka darasin al'adu da fasaha yake tafiya a makarantu da yawa, an haɗa zane da wasan kwaikwayo da kiɗa a darasi ɗaya an miƙa ma malami ɗaya, in ya iya zane shikenan kiɗa ya zama labari.

Sai da na je Legas na ga abun da na rasa. Wata ƙawata ta kai ni MUSON a Onikan, ƙungiyar da aka kafa a 1983 dan raya irin wannan kiɗan, suna da makaranta suna da jarabawa mataki-mataki, kuma tun 2006 gidauniyar MTN ke ɗaukar nauyin ɗaliban difloma a wajen. Na zauna a baya ina kallon 'yan mata sa'o'ina riƙe da bayolin da babbar yayarsa da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, kowacce takarda a gabanta, mutum talatin ko fi suna ɗaga izga a tare kamar hannu ɗaya, na riƙa share hawaye da bakin hijabina. Da aka tashi na yi ta kasa kunne ko zan ji wata ta yi Hausa, ban ji ba. Kuma ba wanda ya rubuta a ƙofa cewa ba a ɗaukar Bahaushiya, a'a, sai dai kafin a ɗauke ki sai an gwada ki a aikace da a rubuce, wanda ke nufin sai kin yi shekaru a hannun wani tun kina ƙarama, mu kuma namu shekarun a nan ake yanke su. Haka jami'ar Nsukka, sashen kiɗansu tun 1961 yake. WAEC da NECO da JAMB duk suna da darasin kiɗa, amma yarinyar Giwa ko Soba wa zai shirya ta ta zauna masa?

Yanzu bari in faɗi dalilin da yasa ku na rubuto ma wa, ban rubuta ma gwamna ko kwamishina ba. Bayolin ba a koyon sa daga nesa. Dole malami ya kama wuyan hannun yarinya ya sassauta shi, ya ɗaga mata gwiwar hannu, ya gyara mata kafaɗa da haɓa, ya lanƙwasa mata ƙaramin yatsa a kan izga, sau ɗari a wata ɗaya, in ba haka ba hannu ya ƙage a karkace har abada. Fiyano ma haka, gefenki malami zai zauna. Toh wane uba ne a Zariya zai bar 'yarsa mai shekara 13 ta shiga ɗaki da namiji yana kama mata hannu? Babu, kuma ni ban ga laifinsu ba, nima ba zan bar tawa ba. Kenan in babu malama mace, babu ɗaliba mace, in kuma babu ɗaliba yau babu malama gobe, haka abun yake ta zagayawa. Ko da an kawo mana bayolin ɗari a mota gobe da safe, sito za su shiga kamar fiyanon makarantarmu. Mace ake buƙata a ɗakin, sannan ana buƙatar wata macen a waje, babba mai mutunci wadda in ta yi sallama a zaure maigida zai miƙe, wadda za ta ce Alhaji yarinyar nan a hannuna take, ni zan ɗauke ta ni zan dawo da ita. Ni malamar firamare ce ƙarama, maganata ba ta kai zauren kawun yarinyar nan ba. Taku za ta kai.

Kuma abun nan namu ne tun asali. Uwar ɗaki muke cewa, kowacce a cikinku akwai wadda ta riƙe hannunta har ta zama abun da ta zama. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta ga matan ƙauye ba za su iya zuwa makaranta ba ai ba ta tsaya jiran gini ba, ta zaɓi dattawan mata amintattu ta naɗa su jaji ta ba su malfa, su ke rako 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyuka su zo su haddace waƙoƙinta su koma su koya ma na gida, 'yan taru kenan. Ku duba fa, da waƙa ta koyar, da rerawa, kuma abun da ya riƙe tsarin shi ne mazan ƙauye sun yarda da jajin da aka miƙa ma matansu. Ni ba ina haɗa bayolin da karatun addini bane, Allah ya tsare, dabarar nake nunawa, dan ita ce dabarar da har gobe za ta yi aiki a ƙasar nan.

Na san maganar addini za ta taso. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, ni ba malama bace a wannan fagen kuma ba zan ja da kowa ba, duk gidan da suka riƙi fatawar hani ina girmama su, ba zan taɓa lallaɓar yarinya ta zo a ɓoye ba. Amma mu faɗa ma juna gaskiya iyayena, kawun yarinyar nan da yace kar a maida ta zabiya ba hadisi ya jawo ba, a bikin ƙanwarsa har DJ aka ɗauko. Abun da ke ƙasa shi ne raini, kiɗa a wajenmu sana'ar roƙo ce, ɗan gidan makaɗa ne ke gado, goge kuma an jingina shi da bori da bariki, mace mai kiɗa ana jin daɗinta a biki amma ba a so ta zama 'yar gida. Hajiya Barmani Choge ga ta nan Funtuwa kusa da mu, ta yi shekaru tana riƙe da kiɗan ƙwarya har ta rasu a 2013, wace ce a cikinmu ba ta taka amada ba a gidan suna? Amma mu nawa ne muka taɓa tunanin a zaunar da yara mata a koya musu yadda ake kifa ƙwarya a ruwa a daidaita amonta, babba da ƙarama, a rubuta shi a takarda? Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, wato tun lokacin masana sun yarda cewa abun nan ilimi ne. In ilimi ne a hannun namiji, ilimi ne a hannun mace.

Su ma can inda kiɗan ya fito ba da sauƙi mata suka shiga ba, kar mu ɗauka mu kaɗai ne. Babbar ƙungiyar makaɗan birnin Biyana a Ostiriya, da aka kafa a 1842, sai a 1997 ta yarda mace ta zama cikakkiyar mamba. A Amurka sai da aka koma sa labule tsakanin mai gwaji da alƙalai, a ji kiɗa kawai ba a ga fuska ba, kafin mata suka fara yawa. Marin Alsop, wadda ta karɓi jagorancin makaɗan Baltimore a 2007, tun 2002 ta buɗe shiri na musamman dan ta riƙa ɗauko mata matasa masu son jagorancin makaɗa tana riƙe su a kusa da ita, dan ta san in ba ta jawo su da hannunta ba ƙofar za ta rufe a bayanta. A Ingila Chi-chi Nwanoku, wadda babanta ɗan Najeriya ne, ta kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Chineke! a 2015 saboda ta gaji da zama ita kaɗai baƙar fata a dandali, kuma ba ta tsaya kan manya ba sai da ta haɗa da ta yara, manyan na koya ma ƙananan.

Amma wadda ta fi tsaya min a rai ta Masar ce. A Alƙahira akwai ƙungiyar Annur wal Amal, haske da kyakkyawan fata kenan, makaɗanta duka mata ne makafi, da yawansu da ɗankwalinsu da lulluɓinsu, tun suna yara ake ɗauko su a koya musu rubutun kiɗa na makafi da yatsa, su haddace kowane amo dan ba za su iya kallon takarda ko hannun jagora ba, kuma sun zaga ƙasashen duniya suna kiɗan Turai da na Larabawa. Ranar da na nuna ma yarana bidiyonsu a waya shiru suka yi, can babbarsu tace Anti ashe masu hijabi ma suna yi. Duk sanda na wuce ta PZ ko Kwangila na ga yarinya tana jan sandar babarta a tsakanin motoci sai matan nan su faɗo min, dan Allah kaɗai ya san irin kunnen da ke yawo a titin nan.

Ga abun da nake roƙo, kuma ba kuɗi ne a gaba ba. Ɗaki ɗaya nake nema a cikin makarantar 'yan mata ko wani gida da kowa ya sani, mai ƙofa a buɗe, duk uwar da take so ta zo ta zauna ta gani da idonta, Asabar daga ƙarfe goma zuwa azahar, kafin lokacin islamiyya. Sannan mata biyar ko shida daga cikinku, kowacce ta ɗauki yara biyu su zama 'yan ɗakinta, ta san gidansu, ta je ta gaida iyayen, ta riƙa tambayar sakamakon makarantarsu, ta biya kuɗin keke napep na zuwa da dawowa, in yarinya mai talla ce a siye farantin na ranar dan kar uwa ta yi asara, wannan ƙaramin abu shi ke cire yaran talakawa daga komai. Ba sai kin iya kiɗa ba Hajiya, sunanki da ƙafarki ake so. Kuma riƙon ya daɗe, abun nan shekara shida bakwai yake ci kafin hannu ya nuna, in an zo maganar aure ke ce za ki zauna da dangin miji tun kafin a kai lefe a faɗa musu cewa yarinyar nan tana da abun da ta iya kuma za ta koyar da shi a cikin mata.

Malamai kuma akwai hanyar samu. Duk shekara ana turo 'yan bautar ƙasa jihar Kaduna, a cikinsu ana samun matan da suka karanta kiɗa a jami'o'in kudu, sai a tura su su koyar da Turanci ko lissafi, ku da kuke da baki a ofisoshi za ku iya nemo mana ko da guda ɗaya a shekara a ba ta masauki mai kyau. Iyayenmu na Wusasa, cocinku na nan tun 1929, kuna da matan da suka iya do re mi tun suna yara kuma Hausa ce a bakinsu, dan Allah ku ara mana su, yaranku ma da ke waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci su wuce nan su iya karanta rubutun kiɗa sosai su zauna jarabawa. Garin nan fa garin badujala ne, ga Depot inda ake horar da sojoji ga makarantar soja ta yara, ba a rasa matar soja ko sojar mace da ta iya busa. Malamanmu na sashen wasan kwaikwayo a Samaru, in yaran sun yi shekara ku ba su dandalin ƙasa na Drama Village ko na yamma ɗaya, mata zalla a zauna, iyayensu su gani.

Sannan ina so yaran su koyi biyun a tare. Ba na son in fitar da yarinyar da ta iya kiɗan Jamus amma ba ta san shantu ba. Manyan masu tsara kiɗa 'yan Najeriya, Fela Sowande da Akin Euba da Ayo Bankole, wanda a Jos ma aka haife shi, abun da ya ɗaga su shi ne sun ɗauki waƙoƙin gidajensu sun zuba a fiyano da bayolin, duniya ta saurara. Mu namu fa? Waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da na gaɗa suna bakin tsofaffi, injin niƙa ya kashe dutse, waya ta kashe dandali, duk tsohuwar da aka binne ta tafi da nata. Harshenmu kansa hawa da sauka ne, shi yasa kalangu ke magana, kuma bayolin da ba shi da gaɓoɓi a wuya yana iya bin muryar tsohuwa daidai yadda goge ke bi. Daren Juma'a in kin tsaya a ƙofar fada kin ji kakaki da algaita da tambari kin san garin nan yana da kiɗan manya nasa mai tsari da ƙa'ida, tun shekarun 1960 Turawa masu bincike suka zo Zariya suka naɗe shi suka tafi da shi. Na cikin gida, na mata, namiji ba ya shiga ya naɗo, sai 'yar gida. Yarinyar da ta iya rubutun kiɗa za ta zauna gaban kakarta da biro ta rubuta waƙar da ba a taɓa rubutawa ba, na gwada da babbar ɗalibata a kan wata waƙar reno, layi takwas, da muka buga ma kakar tata a bayolin sai ta rufe baki da zani tana cewa wannan ai ta innata ce.

Ƙaramar nan mai awara jiya ma na ganta a bakin get, ta gaishe ni ta sunkuyar da kai, sai na lura yatsunta na hagu suna ta taɓa gefen faranti ɗaya bayan ɗaya, darasin da muka tsaya a kai take bita. Gidan kawun nata ba nisa, in akwai wadda za ta raka ni a cikinku, ko guda ɗaya ce, ni a shirye nake ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin yana gida. Sauran ukun kuma suna nan zuwa Asabar in Allah ya kai mu, duk mai son gani da idonta tabarma na nan.

Na gode, Allah ya saka da alheri, Allah ya raya mana zuri'a.

'Yarku,
malamar firamare daga Tudun Jukun, Zariya